Abuja: Tsofaffin Masaukan Manya Da Abin Da Baƙo Ke Tararwa

Matafiyin da ya taso daga Kaduna a mota ya nufi Abuja, in ya wuce Tafa ya gota mahaɗar Suleja, abin da zai fara cika masa ido shi ne Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100 da aka fito da ita a 1999. A kusa da gindin dutsen akwai wani dogon gini da aka soma da niyyar ya zama babban otel, sa'an nan aka watsar da shi, ya shafe shekaru masu yawa ba ƙyaure ba taga. Direbobin hanyar sun saba da shi har ba su ko waiwayarsa. Daga Zuba kuwa sai titi ya buɗe, ya ratsa Kubwa da Gwarimpa, ya sauke mutum a Maitama da Wuse, inda manyan masaukan da aka gama ginawa suke tsaye. Waɗannan su ne suka karɓi sarakuna da shugabannin ƙasashe, su ne kuma yau wasunsu ke fama da wata cuta da ba ta fito fili kamar ta kangon Zuma ba, watau mutuwar hidima a cikin gini mai rai.

Kowane gidan mutunci yana da zaure, kuma daga zauren ne baƙo kan gane ko wane iri ne maigidan. To, Abuja ita ce zauren Nijeriya. Jakada da ɗan kasuwa da mai neman kwangila da malamin makarantar da aka turo taron ƙara wa juna sani, duk a nan suke sauka, kuma abin da aka yi musu a masauki shi suke ɗauka su tafi da shi gida a matsayin halin ƙasar.

Masauki ya riga gari

Ranar 3 ga Fabrairu 1976 ne Janar Murtala Muhammad ya sanar da jama'a cewa za a ɗauke hedkwatar ƙasa daga Ikko, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Kwana goma bayan haka aka kashe shi, amma magana ta riga ta zama doka. Tsohon garin Abuja na Haɓen Zazzau ya sallama sunansa ga sabon birni, ya ɗauki sunan Suleja. Gwamnati ba ta tare ba sai ranar 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. A tsakanin waɗannan shekaru wurin bai wuce sansanin magina ba: jar ƙasa, da motocin Julius Berger, da 'yan gidajen ma'aikata a Garki da Nyanya.

Da yake ba a gayyatar shugaban wata ƙasa a ce ya kwana a tanti, sai ya zama tilas masauki ya riga gari. Otel ɗin Agura da ke Garki yana cikin na farko-farko a shekarun 1980. A 1987 aka buɗe Nicon Noga Hilton a Maitama, mai ɗakuna sama da 600, wanda kamfanin inshora na gwamnati, NICON, ya haɗa jari da kamfanin Noga na ƙasar Suwizalan aka gina. A 1990 Sheraton ta biyo baya a Wuse da ɗakuna sama da 500, a kan titin da aka sa wa sunan Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Babban zauren taron otel ɗin ma sunanta yake ɗauke da shi. A Garki kuma, kusa da Babban Zauren Taron Ƙasa da Ƙasa, akwai wani da ya yi ta sauya suna, daga Sofitel zuwa Le Meridien, daga nan zuwa Nicon Luxury.

A watan Yuni 1991 shugabannin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka suka taru a Abuja suka sa hannu a kan yarjejeniyar da har yau ake kira da sunan birnin. A Disamba 2003 aka yi taron ƙasashe renon Ingila, Sarauniya Elizabeth ta zo da kanta. A Mayu 2014 aka yi taron tattalin arzikin duniya kan Afirka a Hilton. A zamanin farko ministoci da manyan sakatarori sukan yi wata da watanni a ɗakin otel kafin a gama musu gida, har ya zama wanda ke neman ganin babban mutum ba ya wahalar da kansa da zuwa ofis, sai ya je ya zauna a farfajiyar otel ya jira.

Manyan cikin waɗannan gidaje, Hilton da Sheraton, an yi musu zauren caca, bisa al'adar manyan otel na duniya, kamar yadda Federal Palace ta Ikko take da nata. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa doka a 1977 wadda ta hana injunan caca a ƙasar nan, saboda haka a aikace cacar Turawa ta koma 'yan gidaje kaɗan masu lasin. An yi zauren ne domin baƙin waje da masu kuɗin da dare kan yi wa tsawo a garin da a lokacin ba shi da wurin hira.

Kwana guda a gidan da ya tsufa

Cutar da ake magana a kai ba ta gida ɗaya ba ce, ana samunta a Abuja kamar yadda ake samunta a Ikko da Kaduna da Fatakwal, saboda haka kama suna ba shi da wani amfani. Alamominta dai iri ɗaya ne ko'ina.

Daga bakin ƙofa komai yana nan yadda aka san shi. Masu gadi za su buɗe bayan mota su leƙa ƙarƙashinta da madubi, al'adar da ta kafu sosai tun bayan harin bam da aka kai ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Agusta 2011. Itatuwan da aka dasa tun ana ginin sun girma sun yi inuwa. Farfajiyar ciki tana nan da faɗinta, daɓen marmara yana ƙyalli, rufi ya yi sama kamar na masallacin Juma'a. Sai baƙo ya ɗaga kai ne zai ga cewa cikin fitilun da ke reto wasu sun mutu ba a sauya ba, kwamin da dā ruwa ke tsartuwa a ciki kuma ya bushe, an jera masa tukwanen fure na roba.

A gaban kanta ake fara sanin gaskiya. Baƙo ya kama ɗaki tun mako guda da ya wuce, ga shaidar biya a wayarsa, amma akawun da ke bayan kanta bai ɗago kai ba sai da ya gama abin da yake yi. In ya ɗago, kalmar farko ita ce, “Yallaɓai, a ɗan yi haƙuri, na'ura ce ta tsaya.” In na'ura ta tashi, sai a ce ba a gama share ɗakin ba. Ba wanda zai nuna masa kujera, balle a kawo masa ruwa, abin da ko a ƙauye ba a hana wanda ya sha hanya. Ana cikin haka in wani mai babbar riga ya shigo da 'yan rakiya da jiniya, nan da nan za a ga manaja ya fito da kansa, ɗaki ya samu, na'ura ta warke.

Daga nan sai lifta. Wata tana aiki, wata an manna mata takardar ban haƙuri wadda ita kanta ta yi jawur don daɗewa. A saman bene dardumar da aka shimfiɗe doguwar barandar da ita ta koɗe a tsakiya inda ƙafa ke bi, tana tashin warin danshi. Katin buɗe ƙofa ya ƙi, sai mutum ya sake saukowa da jakarsa a hannu, domin yaron da ya kamata ya ɗauka bai bayyana ba.

Ɗakin kansa yana da abin yabo. Magina na wancan zamani ba su yi rowar fili ba: ga faɗi, ga bango mai kauri, ga katako na gaske. In aka yaye labule, birni ne shimfiɗe, ga ƙubbar Masallacin Ƙasa tana walƙiya, ga Dutsen Aso can ya tokare gabas. Amma na'urar sanyaya ɗaki ƙara take yi fiye da sanyi, famfon ruwan zafi na sanyi yake kawowa, tawul ya yi kaushi, kuma akwai taswirar yoyo a jikin silin. Baƙo ya ɗauki wayar ɗaki ya kira, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. In an ɗauka, amsa ɗaya ce: “Ana zuwa, ranka ya daɗe.” Wannan “ana zuwa” tana iya kaiwa asuba.

Da safe za a miƙa masa takardar kuɗi. Bayan kuɗin ɗaki akwai harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin 100, wanda haka yake tun Fabrairu 2020, sa'an nan ga kashi 10 da manyan otel suka saba ɗorawa da sunan ladan hidima. Watau mutum zai biya ladan abin da ya kwana yana roƙo bai samu ba. Attajiri zai yi tsaki ya wuce. Amma ƙaramin ma'aikacin da aka ba kuɗin guzuri ƙididdigagge, ko uban amaryar da ya yi shekara yana tari don ya fita kunyar surukai a zauren da ya ji sunansa tun yana saurayi, su ne abin ya fi yi wa ciwo.

Ɗakin da ba a cewa “ana zuwa”

Akwai ɗaki guda a irin wannan gida wanda cutar ba ta cika shiga ba, shi ne zauren caca. A nan mai tsaron ƙofa yana gaisuwa da fara'a, sanyi yana ratsa ƙashi, fitila ko ɗaya ba ta mutu ba. Bisa al'adar gidajen caca na duniya ba a son taga ko agogon bango, don kada mai wasa ya san dare ya raba. Kafin mutum ya zauna an tambaye shi abin da zai sha. Ma'aikatan teburin karta suna tsaye cikin tsabta, hannunsu ba ya kuskure, kuma ba a taɓa jin sun ce na'ura ta tsaya.

Dalilin wannan ladabi lissafi ne. A ɗauki faifan nan mai juyawa da ake kira rulet. Gurabensa 37 ne, daga 0 zuwa 36. Wanda ya sa kuɗi a kan lamba ɗaya ya dace, ninki 35 za a biya shi, alhali kuwa da adalci ake so ninki 36 ya kamata. Wannan ɗan bambanci shi ne abincin gidan: a kowace naira 100 da aka zuba a teburin, in tafiya ta yi nisa, naira 2 da kwabo 70 na mai gida ne, ko wa ya ci ko wa ya faɗi. Saboda haka duk mintin da mai wasa ya ƙara a kujera riba ce, duk wanda ya tashi cikin fushi kuma hasara ce da za a gani a littafi a daren nan. Mai kwana a bene na bakwai kuwa ya riga ya biya. In ya yi fushi bai dawo ba, sai bayan shekaru za a ji zafin rashinsa. Ashe gidan bai manta yadda ake karɓar baƙo ba. Ya ware iyawarsa ne ga wanda ya zo a raba shi da kuɗinsa.

Musulunci ya haramta caca ƙarara a cikin Suratul Ma'ida, jihohin Arewa 12 da suka ɗauki shari'a daga 1999 zuwa 2001 kuma sun hana ta a dokokinsu, malaman Kirista ma ba su yabe ta ba. Mafi yawan baƙin da ke kwana a waɗannan gidaje ba su taɓa taka ƙofar zauren ba. Daɗin daɗawa, ita cacar ma ta yi ƙaura. Ta bar teburin masu kwat ta shiga wayar hannu da shagunan cacar ƙwallo na unguwa, inda samari ke zuba ɗari biyu-biyu. A Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta da iko sai a cikin Birnin Tarayya, sauran kuwa hurumin jihohi ne. Otel ɗin da ke zaton zauren caca zai rufa masa asiri ya dogara da reshen da ke bushewa.

Ina gizo ke saƙar

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan yaron da ke bayan kanta. Babban otel kamar jirgin ruwa yake, kullum yana cin kuɗi ko da fasinja ko babu. Masu sana'ar a duniya sukan ware kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na abin da ya shigo kowace shekara, su ajiye don sauya katifa da darduma da injuna kafin su mutu. Gidan da ya cinye wannan ajiya shekara goma, ranar da gyara ya zama tilas sai ya tarar kuɗin ya fi ƙarfinsa.

Sa'an nan ga faɗuwar naira. Lokacin da aka buɗe Hilton a 1987 dala ɗaya wajen naira 4 ce; a 2024 ta haura naira 1,500. Lifta da tukunyar dafa ruwa da babbar na'urar sanyi duk daga waje aka kawo su, kayan gyaransu ma da dala ake saye. Ga wutar lantarki: a Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga rukunin da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kowane ma'auni, in wutar ta ɗauke kuma janareto ne zai sha man dizal don sanyaya ɗakuna ɗaruruwa. Kafin wannan an sha rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida a 2017, da kullen annobar korona a 2020, lokacin da ɗakuna suka zama wayam.

Akwai kuma illar da ta samo asali tun daga haihuwa. Gidan da aka gina da kuɗin gwamnati, babban mai cinikinsa kuma gwamnati, ba ya koyon lallashin baƙo. Ma'aikata ce za ta kama ɗakuna hamsin don taro, mahalarta ba su suka zaɓi wurin ba, ba kuma daga aljihunsu kuɗin zai fito ba, biyan ma sai an yi ta sintiri. A haka ma'aikacin otel ya koyi cewa mutum biyu ne a duniya: mai sa hannu a takardar biya, da sauran jama'a.

In manaja ya rasa inda zai rage kashe kuɗi, kan ma'aikata yake komawa. Tsofaffin da aka horar tun buɗe gida, waɗanda suka san sunan baƙo da irin shayin da yake sha, sun yi ritaya ko an sallame su. An maye gurbinsu da 'yan wucin gadi ta hannun ɗan kwangila, ba horo, ba tabbacin gobe, ga kuɗin mota daga Mararaba ko Suleja yana cinye rabin albashi tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023. Wanda ya fito gida tun kafin asuba da yunwa, da wuya a same shi da murmushi da azahar. Ƙasar nan kuwa tana da makarantar koyon wannan sana'a, NIHOTOUR, tun ƙarshen shekarun 1980, har da reshe a Bagauda ta Jihar Kano.

Hanya biyu

Arewa ta riga ta ga ƙarshen hanya ɗaya. Otel ɗin Durbar na Kaduna, wanda aka gina don hawan dabar bikin FESTAC na 1977, ya daɗe a rufe cikin rigimar mallaka, aka rushe shi a Janairu 2020. Otel ɗin Tafkin Bagauda, abin alfaharin zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya daina karɓar baƙi, ya zama reshen Makarantar Horon Lauyoyi. Daula ta Kano ma ta zama tarihi. Babu ɗayansu da ya faɗi rana ɗaya.

Ɗaya hanyar ma an gan ta a Abuja. Kamfanin Transcorp ya sayi kashi 51 cikin 100 na Hilton a 2005 lokacin sayar da kadarorin gwamnati, daga baya ya kashe kimanin dala miliyan 100 wajen sabunta ginin. A 2022 wani kamfani na rukunin NIPCO ya sayi rinjayen hannun jarin kamfanin da ya mallaki Sheraton, aka sauke tsohon suna, aka sa Abuja Continental, aka shiga gyara. Ga kuma sababbin ƙananan otel da gidajen haya na kwana-kwana sun cika Wuse da Jabi da Asokoro, har baƙon yau yana da zaɓin da na 1990 bai samu ba. Tsohon suna kaɗai ba ya ƙara cika ɗaki.

Sai dai fenti da sabuwar darduma rabin magani ne. Bahaushe ya san sana'ar saukar baƙi tun kafin a san otel. A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, kowane zango yana da fatoma, wanda zai ba falke ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Ɗakin soro ne ko bukka, shimfiɗar kuma tabarma. Jarin fatoma duka shi ne sunansa, domin falken da aka wulaƙanta zai ba da labari a kowane zango har Kano. Daga irin wannan zama ne aka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Abin da ya rage ga masu waɗannan gidaje a bayyane yake: su mayar da ajiyar gyara farilla, su ɗauki ma'aikata na dindindin su horar da su, su kuma tabbata ladan hidimar da ake karɓa da sunan ma'aikaci ya isa hannunsa. Ma'aikatun gwamnati su biya bashin da ke kansu a kan kari. Shi kuma baƙo ya san yana da haƙƙi. Ya nemi ganin ɗaki kafin ya biya, ya riƙe rasit, ya rubuta kokensa ga manaja, in an yi biris da shi ya kai ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, wadda hedkwatarta ke nan Abuja. Yawan haƙurin baƙi yana cikin abin da ya lalata masaukan nan, domin gidan da ba a taɓa yi wa ƙorafi ba yakan ɗauka cewa lafiya lau yake, har ranar da katafila ta tsaya a ƙofarsa.